An Hana Esnati Taɓa Gishiri

Ranar da aka hana Esnati zuba gishiri a miya ina tsaye a wurin, na shiga gidan aron muciya. Maƙwabta muke a ƙauyenmu da ke kan hanyar garin Mchinji, mijina da nata 'yan wa da ƙani ne, don haka abin da zan faɗa ba a bakin famfo na tsinto shi ba.

Tana durƙushe gaban murhu tana miyar ganyen kabewa da garin gyaɗa. Ta ɗebo gishiri a tafin hannu ke nan sai uwar mijinta, wadda kowa ke kira Agogo, ta fito daga ɗaki.

"Mayar da shi," in ji Agogo.

Esnati ta ɗago kai. "Agogo, ban gane ba."

"Za ki gane. Daga yau hannunki da gishirin gidan nan sun raba gari. Anaphiri, tunda ga ki, zo ki zuba mana."

Ni ce Anaphiri. Na ce, "Agogo, ni aron muciya ya kawo ni, ban zo aikin gishiri ba." Ta harare ni, ta karɓe kwanon gishirin ta zuba da kanta, ta tafi da shi ɗakinta.

A wurinmu ba sai an yi wa mace bayanin wannan ba. Matar da ta bi wani namiji a waje, in ta dawo ta sa gishiri a abincin da ɗanta zai ci, an ce ta yanke shi. Ƙafafunsa za su kumbura, jikinsa ya rame, ƙarfinsa ya zube. Mdulo muke kiran cutar. Tsofaffi sun ce namiji ma in ya yi yawonsa yana iya jawo wa ɗansa ita, amma tunda nake ban taɓa ganin an tsare wani namiji a kan maganar ba.

Yaron da ake magana a kansa yana zaune jikin rumbu yana kallonmu. Limbani sunansa, ɗan shekara bakwai, shi kaɗai Esnati ta haifa. Tun bara yake tafiya a kan yatsun ƙafa, ciki a gaba, kafaɗu a baya. In ya faɗi, tashi ya zama aiki: sai ya kifa, ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawa jikinsa kamar mai hawa bishiya. Cinyoyinsa sun zama sanda, amma sharaɓarsa ta cika ta yi tauri. Wannan sharaɓar Agogo ta latsa da yatsa ta gama yanke hukunci.

Da mijin Esnati, Fakson, ya dawo daga rumfar taba, ta durƙusa ta gaya masa. Yana wanke hannu, ko kallonta bai yi ba.

"Maganar mata ce wannan. Mama ta fi ni sani."

"Baban Limbani, kun san ban taɓa..."

"In ba ki yi komai ba, mene ne na damuwa? Gishiri ne fa kawai."

Fakson ɗin nan duk shekara in ya kai taba kasuwa a birnin Lilongwe sai ya ƙara mako a kan na kowa, ya dawo da sabon takalmi yana ƙamshin turaren da ba na maza ba. Duk ƙauyen an sani, har Agogo.

Daga gishiri aka koma tukunya. Agogo ta ce abincin yaron ita za ta riƙa dafawa. Daga tukunya aka koma tabarma: aka kwashe 'yan kayansa aka kai ɗakin kakarsa, wai zafin jikin uwar ne ke ƙara cinye shi. Esnati ta ci gaba da noma, da ɗiban ruwa, da daka, da wanki, don ba a taɓa cewa zafin jikinta yana ɓata waɗannan ba.

Wata Lahadi aka yi sanarwa a coci cewa likitoci daga birni za su zo asibitin gunduma. Suna neman yaran da ƙarfinsu ke zubewa ba tare da zazzaɓi ba, suna so su duba jininsu su gano abin da ke kawo haka. Esnati ta matse min hannu har sai da na ji zafi. A hanyar gida ta tambayi Agogo, tsohuwar ta ce cutar gida ba a kai ta asibiti, allura ma ƙarasa mai mdulo take yi.

Sai aka yi rasuwa a ƙauyen da ke gaba, Agogo da Fakson suka tafi jana'iza tun da safe. Esnati ta goya Limbani da zani, ƙafafunsa na reto har gwiwarta, muka fita titi muka hau kekunan haya.

Likitar mace ce, ba ta girmi Esnati da yawa ba. Ta sa Limbani ya zauna a ƙasa ta ce ya tashi, ta tsaya tana kallo har ya gama hawan nasa. Ta latsa sharaɓar, ta sa shi ɗaga hannu, ta saurari ƙirjinsa. Ta tambaya ko akwai wani mai irin wannan a dangin uwa ko na uba. Sannan ta ja kujera ta zauna kusa da Esnati.

"Maman Limbani, naman jikinsa ne ke raunana a hankali. Da abin aka haife shi. Kin san yadda irin masara yake, abin da ke cikin ƙwayar shi ke fitowa a gona. Mutum ma haka, yana ɗauko rabi daga uwa rabi daga uba, wani lokaci a samu ɗan kuskure a ciki, iyayen kuwa lafiyarsu ƙalau. Wannan kuskuren muke nema a jini."

Esnati ta ce a hankali, "Ba gishiri ba ne?"

Likitar 'yar ƙasa ce, ta gane nan take. "Ba gishiri ba ne. Ba abin da kika yi ba ne, ba kuma abin da kika ƙi yi ba."

Esnati ta rufe fuska da bakin zani. Ni ma sai da na juya ina kallon bango.

Likitar ba ta yi mana alkawarin warkewa ba, wannan kam na shaide ta. Ta nuna wa Esnati yadda za ta riƙa miƙe masa ƙafafu kullum don kada su ƙage, ta ce a kula da tari. Ta ɗebi jinin yaron da na uwar, ta ce da za a samu na uban da aikin ya fi sauƙi. Jinin nesa za a aika shi, sai an yi watanni.

"In amsar ta zo, za ki faɗa a gaban mijina cewa ba ni ba ce?" in ji Esnati.

"Ko yau ya zo zan faɗa masa."

"Yau ba zai ji ba. Sai kin ce kin gani a jini."

Mun riga su Agogo dawowa gida, amma mun manta da 'yar audugar da aka manna wa yaron a hannu. Agogo na shigowa idonta ya faɗa kanta. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu har maƙwabta suka fito.

"Jama'a ku zo ku gani! Ta yanke shi bai ishe ta ba, ta kai wa masu shan jini sauran! Nawa suka ba ki? Nawa kika sayar da jinin jikana?"

Esnati ta durƙusa gaban Fakson ta maimaita abin da likita ta faɗa, har da maganar irin masara. Ta ce in ya ba da nasa jinin, ɗan kaɗan, za a fi saurin ganewa.

Ya yi dariya. "Jinina? A gidanmu kin taɓa jin an haifi gurgu? Dubi ni, dubi Mama. Ke da kika san abin da kika yi, ki bar jinina ya huta."

Na ce, "Haba Fakson, in ka tabbata da jinin naka ai sai ka bayar, kowa ya huta."

"Anaphiri, mijinki yana nemanki," in ji shi.

Mijin nawa kuwa da na koma sai da ya ja min kunne a kan shiga sha'anin gidan ɗan'uwansa.

Daga ranar aka hana Esnati taɓa Limbani gaba ɗaya. Miƙe ƙafar da aka koya mata ko sau ɗaya ba ta samu yi ba. Damina ta sauka, tsakar gida ta yi santsi, yaron ya riƙa faɗuwa a taɓo. Agogo ta tsufa, kafin ta lallaɓo daga ɗaki ya gama jiƙewa. Uwarsa na tsaye taku kaɗan daga wurin, hannuwanta a naɗe cikin zani don kada su kai kansu. Wata rana ta kasa daurewa ta ɗaga shi. Kwana biyu bayan haka ya yi tari, Agogo ta ce ga shi nan, an gani.

Makaranta ta gagare shi. Kafin masara ta yi bunni ya daina tsayuwa, ya koma jan gindi. In fitsari ya matse shi ya kira kakarsa, ta ce ya jira ta gama abin da take yi, ya jira har ya saki a wando, ta zo tana faɗa. Wandon kuma Esnati za a jefa wa ta wanke.

Wata safiya ina shanya gari na ji shi yana cewa, "Mama, laifin me na yi miki?"

"Ba ka yi min komai ba, Baba na."

"To me ya sa ba kya ɗaukata?"

Ban ji amsarta ba. Na ji dai taɓarya ta ci gaba da sauka a turmi, da ƙarfin da ya wuce na daka. Baƙin ciki ya hana ni cin abinci ranar.

Abu ɗaya ya riƙe Esnati duk tsawon daminar nan, shi ne jinin da aka tafi da shi. Ko a gona muka haɗu sai ta ce, "Anaphiri, kina ganin sun fara dubawa?" Ta rame, ƙashin wuyanta ya fito, amma in ta ambaci jinin nan sai fuskarta ta ɗan saki. Ni ma na sa rai, ba zan ɓoye ba.

Bayan girbi ma'aikacin lafiya ya zo a kan babur ya ce likita na neman iyayen Limbani. Fasto ya sa baki, Fakson ya yarda zai je. Agogo ta ce ƙafarta ƙafarsu. Ni ma na bi, don ni aka ba goyon yaron.

Likitar ta gaishe da Agogo da ladabi, ta ba ta kujera. Tun daga yadda likitar ta haɗa hannuwanta na san labarin ba mai daɗi ba ne.

"Mun duba wuraren da aka fi samun kuskuren a irin wannan ciwo," in ji ta, "ba mu same shi a nan ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Yawancin abin da aka sani a kan cutar nan daga yaran wasu ƙasashe aka koyo shi, namu ba a duba su sosai ba, shi ya sa muke wannan aikin. Ciwon na gado ne, ba ni da shakka. Amma ban sa yatsa a kan ainihin wurin ba tukuna. In baban yaron ya ba mu jininsa za mu jera ukun mu ci gaba da nema."

Agogo ta gyara zama. "'Yata, bari in tambaye ki, ni ban yi makaranta ba. Kun duba jinin?"

"Mun duba, Agogo."

"Da na'urorinku na Turawa?"

"E."

"Kun ga abin?"

"Ba mu gan shi ba tukuna, amma..."

"To, mun gode. Allah ya yi miki albarka." Ta miƙe tana kakkaɓe zani.

Likitar ta tashi ita ma. "Agogo, ku tsaya. Rashin gani ba ya nufin babu. Baba, don Allah, minti biyu ne, jinin ko cokali ɗaya ba zai cika ba. Matarka ba ta yi wa yaron nan komai ba, na faɗa na kuma ƙara."

"Ke da kika ce ba ki gani ba, ta ina kika san abin da ta yi da wanda ba ta yi ba?" in ji Fakson. Ya sauke hannun rigarsa ya ɓalla maɓalli, ya bi uwarsa. Likitar ta bi su har baranda tana magana, ba wanda ya waiwayo. Esnati kuwa tana zaune inda take, sai da na taɓa kafaɗarta sannan ta san an tashi.

Labari ya riga mu isa ƙauye: asibiti ma sun duba jinin kaf ba su ga cuta ba. Waɗanda da suke tausaya wa Esnati suka fara kauda kai in ta zo famfo.

Agogo ta canza murya. Ta kira Esnati ta zaunar da ita a inuwa, ta yi mata magana mai taushi kamar uwa. Ta ce mai magani ya haɗa komai, amma maganin mdulo ba ya ci sai matar ta faɗi abin da ta yi da bakinta a gaban manya. In ta faɗa, ita da kanta za ta dama kunu, ta zuba maganin da gishiri da hannunta, ta ɗora ɗanta a cinya ta ba shi. Daga nan magana ta wuce.

"Kowa na kuskure, 'yata. Ni ɗanki nake ji. Ke ba kya jin sa?"

Esnati ta zo wurina da yamma ina ɓarar gyaɗa. Da ta gaya min na ture kwandon.

"Ke, kina da hankali kuwa? Ki amsa abin da ba ki yi ba? Wannan kashin kajin in suka shafa miki har ki mutu ba zai wanku ba."

"Anaphiri, damina guda ban taɓa shi ba. Ƙafafunsa sun fara ƙagewa, kin gani. In na amsa za su bar ni in riƙa miƙe masa."

"In kuma ba su bari ba?"

"Agogo ta yi alkawari." Ta ɗauki gyaɗa ɗaya tana juya ta. "Kuma wa ya sani? Likita ta duba ba ta gani ba. Ko akwai abin da na yi ban sani ba? Ko a mafarki?"

Wannan maganar ta fi komai tayar min da hankali. Mace ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, an yi ta dukan ta da magana ɗaya har ta fara tuhumar barcinta. Na roƙe ta, na yi faɗa, na yi kuka. Ta tashi ta ce min sai da safe.

A ƙarƙashin mangwaro aka yi zaman, manyan gidan a kan kujeru, mata a ƙasa. Esnati ta durƙusa a tsakiya ta ce wani mai sayar da gwanjo ne daga Zambiya, ranar kasuwa, sau ɗaya, ba ta san sunansa ba. Ban san inda ta samo mutumin nan ba. Tsofaffin suka girgiza kai. Fakson ya tofar da yawu ya sunkuyar da kai kamar wanda aka zalunta.

Aka kawo mata kwanon gishiri. Ta dama kunun, ta zuba garin maganin, ta ɗebi gishiri ta zuba. Sannan ta ɗauki Limbani ta ɗora a cinya. Ya ƙanƙame wuyanta da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ƙi saki ko don shan kunun. Ta ba shi a hankali, tana ja da lokaci, ɗaya hannun yana ƙasa tana miƙe masa diddige a ɓoye. Da kwanon ya ƙare sai da Agogo ta yi gyaran murya sau biyu kafin ta sauke shi.

Washegari Fakson ya fito da kayanta ya ajiye a ƙofar gida. Ya ce shi ba zai zauna da matar da ta amsa da bakinta a gaban jama'a ba, ina zai sa kansa a cikin maza. Yaro kuwa na gidan ne, tunda an biya sadakinta da shanu lokacin aure.

Esnati ta rarrafa wurin Agogo ta kama ƙafarta. "Agogo, kun yi alkawari."

"Na ce za ki ba shi da hannunki, kin kuwa ba shi. Sauran tsakaninki da mijinki ne, ni ba na shiga maganar aure."

Na yi magana, na ɗaga murya har aka ce na yi rashin kunya. Ba abin da ya canza. 'Yan'uwanta ma da suka zo ɗaukarta kansu a ƙasa yake, don me za su ce, ita ta amsa.

Limbani bai warke ba. Yanzu hannuwan ma sun fara, kofi yana gagararsa. Agogo ta ce uwar ce ta makara wurin faɗin gaskiya, amma maganin yana aiki a hankali. Mutanen likita sun dawo sau ɗaya neman Fakson, ya aiko musu daga rumfar taba cewa an riga an gano ciwon, su daina wahalar da kansu. Ana can ana neman abin a jinin mutum biyu, na ukun yana nan yana yawo da nasa, yana kuma neman aure. A ƙauyen nan ba wanda ya ga laifinsa. In na tayar da maganar sai a ce Anaphiri ta cika ɗaukar abu da zafi.

A watan da ya wuce Esnati ta zo gidana ranar kasuwa, ta biyo ta bayan gonaki don kada a gan ta. Agogo ta fita, an bar yaron a tabarma kusa da dangar da ta raba gidajenmu. Esnati ta durƙusa ta buɗa ciyawar da yatsu.

"Limbani. Baba na. Ni ce."

Ya juyo da ido ya daɗe yana kallonta.

"Agogo ta ce ke kika yanke ni," in ji shi. "Ta ce tunda kin faɗi gaskiya zan tashi in koma makaranta. Amma in ƙarya kika yi, maganin ba zai ci ba. Mama, gaskiya kika faɗa?"

Na buɗe baki, Esnati ta riƙe min zani ba tare da ta kalle ni ba. Ta dubi ƙafafunsa da suka lanƙwashe, ta dubi idonsa da ke jiran amsa.

"Gaskiya na faɗa," in ji ta. "Za ka tashi."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya fara ƙoƙarin juyawa, ya dafa tabarma da gwiwar hannu, ya zame, ya sake dafawa. Ya ɗauki lokaci, don jikin ba ya jin maganarsa, uwarsa tana kallo ta cikin danga. Amma a ƙarshe ya samu ya juya mata baya.